Florida: Ka ajiye motarka a gidanka, amma kada kowa ya gan ta

Tun ranar 1 ga Yulin 2023 ake ta yabon jihar Florida ta Amurka, wai ta ƙwato wa masu gidaje 'yancinsu daga hannun ƙungiyoyin unguwa da ake kira HOA, waɗanda ke kafa wa gidajen unguwa ƙa'idoji. Dokar da Gwamna Ron DeSantis ya sa wa hannu ta ce ƙungiya ba ta da ikon hana mutum ajiye jirgin ruwansa ko motarsa ta tafi-da-gidanka a filin gidansa. Sai aka ɗaura mata sharaɗi: kada a hango abin daga gaban gida, kada a hango shi daga gidan maƙwabci. Da shekara ta zagayo, a 2024, majalisar jihar ta sake taɓa dokar, ta ƙara da cewa kada a hango shi daga filin da unguwa ke tarayya a kai, ko daga filin wasan golf na unguwar. Wannan ƙarin ne ya tsaya mini a rai.

Motar tafi-da-gidanka, wadda ke da gado da kicin da banɗaki a ciki, tsayinta yakan kai ƙafa 10 zuwa 13, tsawon manyan cikinsu kuma har ƙafa 45. Shingen bayan gida da akasarin unguwanni suka yarda da shi ƙafa 6 ne. Ta yaya shinge mai ƙafa 6 zai ɓoye abu mai ƙafa 12? An ba mutum da hannun dama, an karɓe da na hagu. Wanda dokar ta amfana shi ne mai fili kamar gona da dogayen bishiyoyi, ko mai kuɗin gina gareji mai tsayi, shi kuwa dama bai taɓa kukan wurin ajiya ba.

Kuma ba mutane kaɗan abin ya shafa ba. A 2021, lokacin da annobar korona ta sa mutane gudun otal da jirgin sama, masana'antun Amurka sun fitar da irin waɗannan motoci sama da 600,000, mafi yawansu daga yankin Elkhart na jihar Indiana. Iyalai sama da miliyan 11 ne suka mallake su a lokacin. Galibinsu ba manyan motocin attajirai ba ne, tireloli ne da a-kori-kura ke ja, waɗanda ma'aikata da 'yan fansho ke saya bashi suna biya wata-wata. Makonni kaɗan ake yawo da su a shekara. Sauran watannin dole motar ta tsaya a wani wuri, ga shi Amurkawa sama da miliyan 70 suna zaune ne a ƙarƙashin irin waɗannan ƙungiyoyi.

Hujjar da shugabannin ƙungiyoyin suka fi rerawa ita ce darajar gidaje: wai ganin tirela a gefen gida yana karya farashin unguwa. Ban yarda ba. Duk mai bin labaran Florida ya san abin da ke ɗaga farashin gida ya sauke shi a can: kuɗin inshora da ya yi tashin gwauron zabi, kuɗin ruwan banki, da haɗarin guguwa da ambaliya. Mai sayen gida yana tambayar shekarun rufi da nawa inshora zai ci kafin ya leƙa abin da maƙwabci ya ajiye a bayan shinge. Abin da ake karewa a nan ido ne, idon wanda ya fito buga golf ba ya son ya ga kayan wani. Saboda wannan idon, ƙungiya na iya cin mutum tarar dala 100 a kowace rana har ta taru ta kai dala 1,000, ko ma fiye idan takardun unguwar sun yarda.

Sai su ce ka kai ta filin ajiya na haya. Masu faɗar haka ba su san halin motar ba. Mota ce da zama ya fi tafiya lalata ta. Batir yakan mutu, rana ta cinye tayoyi, ɓeraye su shiga su gaigaye wayoyi. Idan rufi ya fara yoyo, a damshin Florida, wata guda ya isa ciki ya yi fumfuna, katako ya ruɓe. Ɓarayi kuma sun san filayen ajiya, suna shiga da dare su yanke wani ƙarfe mai tsada da ke jikin salansa. A gida kuwa mai ita zai jona ta da wuta, ya buɗe tagogi ta sha iska, ya ga ɗigon ruwa tun ranar farko. A filin haya yana biyan kuɗi kowane wata, a kan bashin da yake biya, don dukiyarsa ta lalace a bayan idonsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne jihar da kanta ta san amfanin motar. Bayan guguwar Ian ta watan Satumban 2022, tireloli ne suka rufa wa dubban iyalai asiri. A 2023 majalisar ta yi doka cewa ƙaramar hukuma ba za ta hana wanda bala'i ya lalata wa gida ajiye irin wannan mota a filinsa ba, yana kwana a ciki har tsawon wata 36. Da guguwar Milton ta taso a Oktoban 2024, aka umarci jama'a su bar gidajensu, hanyoyi suka cushe, mai ya ƙare a gidajen mai da dama. Wanda motarsa ke ƙofar gida ya loda iyali ya tafi. Wanda aka tilasta wa kai ta bayan gari sai ya fara ratsa cunkoso ya ɗauko. Motar da ake nema ruwa a jallo ranar bala'i ita ce ake cin tararta ranar lafiya.

Wasu za su ce ai ka sa hannu a yarjejeniya kafin ka sayi gidan, kamar akwai zaɓi a jihar da yawancin sababbin gidaje ke zuwa da ƙungiyarsu a manne. Masu maganar tsaro kuma, cewa babbar mota na tare wa direba gani, titi suke nufi, mu kuwa cikin filin mutum muke magana.

Gyaran ba shi da wahala. Majalisar ta goge sharaɗin hange gaba ɗaya, ta bar abin da ya shafi maƙwabci da gaske: motar ta kasance da rajista, tana tashi, ba ta ci hanyar masu tafiya a ƙasa ba, ba a mai da ita ɗakin haya ba. Idan mutum ya cika waɗannan, a bar shi ya ajiye motarsa a gefen gidan da yake biya wa haraji.