Ga mai taƙamar shi ya fara kawowa

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Akwai wani mai shafin labarai da ya ishi mutane da cika baki, wai shi ke riga kowa fitar da labari, har yana yi wa abokan aiki gorin cewa nasu sai ya huce suke kawowa. An yi masa shiru ya ɗauka tsoro ne. To ba tsoro ba ne, kunyar sana'a ake ji, domin duk abin da ya watsa da sunan jaridar Hausa, mu duka ake zagi da shi.

A buɗe shafin nasa a duba. Kanun labari ya ce mutum 17 suka rasu, cikin labarin an ce 70. Kuɗin da aka kira miliyan a sakin layi na farko ya zama biliyan a na uku. An mayar da Haɗeja jihar Kano, alhali tun 1991 aka fitar da Jigawa. Minista mace ce, amma daga farko har ƙarshe "ya ce, ya ƙara da cewa", saboda na'ura ce ta fassara daga Turanci, aka kwafa aka liƙa, ba wanda ya tsaya ya karanta ko da sau ɗaya. Wannan shi ne saurin da ake mana gori da shi.

Ƙa'idojin rubutu kuwa ba a magana. "Zasuje", "yace", "dashi", duk a cure wuri guda, inda kuma ya kamata a haɗe sai a raba. Baƙaƙe masu ƙugiya an yi musu sallama. Ɗaura aure da garin Daura sun zama abu ɗaya. A rubuta "an yi fada", mai karatu ya tsaya yana laluben ko zaman fadar sarki ake nufi ko dambe aka yi. In an yi magana sai a ce ai an gane. Wa ya gane? Dattijon da ya yi shekara 50 yana karatu zai iya cike giɓin da kansa. Yaron da zai zauna jarrabawar Hausa a WAEC ko NECO fa? Shi abin da ya gani a waya kullum shi ne daidai a wurinsa, haka zai kwashe ya zuba a takardar amsa, malaminsa ya yi ta jan biro.

Abin da ke ƙona min rai shi ne, ba a sama aka tsinci waɗannan ƙa'idoji ba, mutane ne suka sha wahala a kansu. Tun 1912 Hans Vischer, Baturen ilimi na zamanin mulkin mallaka wanda Hausawa ke kira Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubuta Hausa da boko. A 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, Abubakar Imam na editanta, a zamanin da ake haɗa shafi da haruffan ƙarfe, kuskure ɗaya sai an kwance layi an sake. Duk da haka ana bin shafi ana dubawa kafin a buga, domin an san takarda ɗaya za ta zaga hannu da yawa, a karanta wa waɗanda ba su iya ba a zaure da bakin kasuwa. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamusunta a 2006. Yau ɓ da ɗ da ƙ suna cikin wayar kowa, Gboard ma, manhajar rubutu a waya ta Google, yana da allon Hausa kyauta. Wanda ya ƙi amfani da su ba rashin kayan aiki ne ya hana shi ba, raini ne ga masu karatunsa.

Na san halin da gidajen jarida suke ciki. Takardar bugu daga waje ake shigo da ita, darajar naira ta faɗi, talla ta koma Facebook da Google, albashi sai a yi watanni ba a gani ba. Kuma duk lokacin da aka tashi rage ma'aikata, mai duba rubutu ake fara sallama, don aikinsa ba ya fitowa fili sai ranar da babu shi. Amma akwai ƙananan shafuka masu ma'aikata biyu ko uku da ɗaya ke rubutawa ɗaya ya karanta kafin a saki, kuma ba su mutu ba. Shi wannan da nake magana a kai yana da kuɗin tallata kansa, yana da na buga riguna da huluna masu tambarin shafinsa, na biyan edita ɗaya ne babu.

Mafi muni shi ne yadda yake yi idan an kama shi. Ba ya cewa an yi kuskure. Cikin dare zai lallaɓa ya canza adadin, ya goge sharhin wanda ya ja hankalinsa, da safe ya ci gaba kamar ba a yi ba. Alhali wancan na farko an riga an ɗauki hotonsa, ya shiga zaurukan WhatsApp, ya kai ƙauyen da gyaran ba zai taɓa kaiwa ba. Gidan jarida mai mutunci yana rubuta gyara a fili, ya faɗi abin da ya rubuta da abin da ya kamata ya rubuta.

Kwanakin baya ya sa hoton wani bawan Allah a kan labarin rasuwar wani daban, saboda sunayensu sun zo ɗaya. Mutumin yana raye, iyalinsa suka wuni amsa wayar masu ta'aziyya, mahaifiyarsa tsohuwa sai da aka kai mata shi ta gan shi da idonta kafin hankalinta ya kwanta. Har yanzu hoton yana nan a shafin. Malam, ka cire shi, ka rubuta neman afuwa a daidai wurin da ka sa kanun, sannan ka aika wa iyalin nan wanda zai ba su haƙuri.