Aikin magudanar hawaye ba a ɗakin tiyata yake ƙarewa ba

Kusan shekara biyu yayata tana yawo da hankici a hannu. Idonta na hagu ba ya daina tsiyaya, da safe kwantsa ta manne shi, har mutane kan tambaye ta wa ya ɓata mata rai. Ashe magudanar hawaye ce ta toshe, wato siririyar hanyar nan da ke kwashe hawaye daga gefen ido ta zuba su cikin hanci. Ita ce ma dalilin da mai kuka yake jan majina.

Aikin da aka yi mata, likitoci na ce masa DCR a taƙaice. Ba tsohuwar hanyar ake gyarawa ba, sabuwa ake buɗewa: a huda ƙashin da ke tsakanin kogon hanci da jakar hawaye, wato 'yar jakar da hawaye ke taruwa a ciki kusa da gefen ido, hawaye su riƙa bi ta nan. Wani likita ɗan Italiya, Addeo Toti, shi ya fito da yin sa ta waje, wato ta yanka fata a gefen hanci, a 1904. A 1921 likitocin Faransa biyu, Dupuy-Dutemps da Bourguet, suka ƙara dabarar ɗinke fatar jakar da ta cikin hanci. Yanzu kuma ana yi ta hanci da ƙaramar kyamara, babu tabo a fuska.

Na ga mutane suna ta musu, ta waje ta fi ko ta hanci. Ni dai a ganina an bar jaki ana dukan taiki. A hannun gwani, kowacce na yin nasara a wajen mutum tara cikin goma. Na goman nan fa, yawanci ba a ranar aiki ya samu matsala ba, a makonnin da suka biyo baya ne. Jiki bai san da zaman huda mai amfani ba. Duk inda ya ga kafa, so yake ya toshe ta da tsoka da tabo. Ku dubi hujin kunne, in aka cire ɗan kunne tun yana ɗanye, ai liƙewa yake yi. To haka wannan.

Shi ya sa wasu likitocin ke saka siririn bututun silikon, wata roba mai laushi, daga gefen ido ya bi ta hudar zuwa hanci, ya zauna makonni ko 'yan watanni, wasu su shafa maganin Mitomycin C a bakin hudar don ya rage tabo. Ba kowane likita ne ya yarda bututun dole ne ba, wannan tsakaninsu. Namu shi ne abin da aka ce a yi a gida: kar a fyace hanci na mako ɗaya zuwa biyu, a yi atishawa baki buɗe, a ɗaga kai da matashi wajen barci, a guji abu mai zafi a kwanakin farko saboda haɓo, a riƙa fesa ruwan gishiri a hanci don kada ɓawo ya taru. Mai shan maganin tsinka jini kuwa ya faɗa wa likita tun kafin aiki, kada ya daina da kansa.

Mu ma saura ƙiris mu yi ɓarna. A mako na uku ta murza ido cikin barci, bututun ya zazzago, ya yi 'yar zobe a gefen ido. Na same ta gaban madubi da almakashi.

"Yaya, don Allah ajiye!"

Washegari likita ya mayar da shi cikin 'yan mintoci. Da ta yanke ko ta fizge, da wani zancen ake yi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da ido ya bushe sai a ce an warke, a daina komawa asibiti. Ita ma ta so ta yi haka, sai da muka kai ruwa rana. Da muka je, likita ya leƙa hancin da kyamara, ya ciro ɓawo da wani ɗan tsiro da ya fara rufe bakin hudar, ita kuwa ba ta jin komai. Sannan ya ɗura ruwan gishiri ta ɗan ramin da ke fatar ido, ya ce ta faɗa masa abin da ta ji.

Ta ɗan yamutsa fuska, ta haɗiye, ta ce, "Gishiri, a maƙogwaro."