Naman layya ya fi ƙarfin lemon kwalba

Duk Babbar Sallah sai abin nan ya tsaya mini a rai. Magidanci ya yi wata uku yana tara kuɗin rago, ya je kara ya duba haƙori, ya shafa gadon baya, ya yi ciniki har muryarsa ta dishe. Mata su yi kwana biyu a bakin murhu, hayaƙi na cin idonsu, ana suya ana dambu. Amma da an zo kan abin da za a kora, sai a aiki yaro kanti ya kinkimo katan ɗin lemo. Wallahi ina ganin wannan tauye haƙƙin naman ne, da na waɗanda suka soya shi.

Zan kawo misali da Faransawa, kuma kada wani ya juya mini magana: giya haramun ce a wurinmu, ba ita nake wa talla ba. Hankalin da suke sawa nake so a duba. A liyafar daren 24 ga Disamba, jajibirin Kirsimeti, kowane kwano da abin shansa. Kifi yana tafiya da farar giyar inabi. Hantar agwagwa mai kitse, da mai zaƙi irin ta Sauternes. Gasasshen naman tunkiya kuwa sai ja, irin ta yankin Bordeaux. A manyan gidajen abincinsu akwai mutumin da aikinsa ke nan kacal, ya sunsuna, ya ɗanɗana, ya ce wannan ce ta dace da wancan. Har a 2010 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsarin liyafar Faransawa cikin al'adun duniya da ya kamata a adana, kuma daidaita abinci da abin sha yana ciki.

Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Jar giyar tana da bauri daga ɓawon inabi, baurin nan shi ke wanke maiƙon da ya lulluɓe harshe, sai loma ta gaba ta zo kamar ta farko. To mu fa, me zoɓo yake yi? Aikin ke nan. Tsaminsa da ɗan baurinsa su ne maganin kitse. Lemon kwalba kuwa sukari ne da iska, ka zuba shi kan maiƙo ciki ya kumbura, tsoka uku ka ture kwano.

Na ga yadda ake yi a hannun Inna, Allah Ya jiƙanta. Tun daren arfa take jiƙa zoɓo a tukunyar ƙasa, ta daka busasshiyar citta da kanumfari, ta jefa ɓawon abarba. Da safe ta tace da rariya, ta ɗebo a ludayi ta kurɓa, ta yi shiru. In na ce, "Inna, a ƙara sukari," sai ta ce, "Bari ɗan nan, da nama za a sha." Ko kanwa ba ta yarda a sa a na ranar suya, don kanwa kashe tsami take yi, ita kuwa tsamin take nema. Yau sai ka ga an cika zoɓo da kala da filebo har ba ka gane da me aka yi shi.

Kuma ba zoɓo ne ya dace da komai ba. Farfesun kayan ciki ko na kai da ƙafa, wanda masoro da barkono suka kama, kunun aya mai sanyi yake so, da dabino da kwakwa, shi ke kwantar da yajin. Waina da miyar taushe, ni dai a ba ni ruwan tsamiya da citta. Alkaki da nakiya da dubulan sun riga sun ƙoshi da zaƙi, shayi marar sukari sosai ya ishe su. Fura da nono kuwa abinci ce mai zaman kanta, a bar ta sai la'asar in an dawo daga kallon hawa.

Abin da ke ƙara ba ni takaici, zoɓon da manoman Jigawa ke nomawa buhu-buhu ake loda shi zuwa Meziko, can suna shan sa da abincinsu mai yaji da maiƙo. A Sudan da Masar zoɓo, wanda suke kira karkade, abin tarbar baƙo ne. A Sifen, mutanen Balensiya suna tinƙaho da kunun ayarsu. Mu a nan sai uwar gida ta ji nauyin miƙa wa suruki zoɓo, wai kada a ce an raina shi.

Bana na riga na gaya wa maiɗakina, kuɗin katan biyun nan na lemo za su tafi wurin mai zoɓo da mai aya. Na sayo tukunyar ƙasa sabuwa, tana bayan ƙofar kicin.