Fatalwa da Barkwanci a Finafinan Ƙasar Filifin

Idan aka zo zancen finafinan ban tsoro na nahiyar Asiya, hankalin mutane yakan tafi Japan da Koriya ta Kudu, a bar ƙasar Filifin a baya, wasu ma su ce nata finafinan shirme ne saboda suna gwama fatalwa da barkwanci da waƙa a cikin labari guda. A ganina wannan gwamin shi ne darajarsu, kuma duk wanda ya raina shi bai lura da yadda mutanen ƙasar suke zama da mamatansu ba.

Mafi yawan jama'ar Filifin mabiya ɗariƙar Katolika ne, kuma zaman makokinsu, wanda suke kira lamay, yakan ɗauki kwanaki gawa tana ajiye, dangi suna kwana a farke, ana cin abinci, ana karta, ana tuna halayen mamaci har a yi dariya. Ranar 1 ga Nuwamba kuwa, lokacin bikin Undas, iyalai sukan ɗunguma zuwa maƙabartu da kyandirori da furanni da abinci, su wuni a gefen kaburburan iyayensu. Yaron da ya tashi a haka ba zai ga baƙon abu ba idan ɗan wasan barkwanci ya yi arba da fatalwa a fim, ya kwasa da gudu yana ihu, sannan ya dawo yana yi mata waƙa.

Waƙar ma tana da asali. Manyan 'yan barkwancin ƙasar sun fito ne daga dandalin bodabil, wasan da ya bunƙasa a zamanin mulkin Amurka, inda dole ɗan wasa ya iya waƙa da rawa da ba'a a lokaci guda. A nan Dolphy ya fara, mutumin da ake yi wa laƙabi da Sarkin Barkwanci har ya rasu a 2012. Daga baya Tito Sotto da Vic Sotto da Joey de Leon, waɗanda suka fara shirin talabijin na Eat Bulaga a 1979, suka ci gaba da haɗa kiɗa da ban dariya.

Abin da ya fi burge ni shi ne dodanninsu na gida ne, ba aro suka yi daga Hollywood ba. Akwai manananggal, matar da ke rabewa biyu da dare, rabinta na sama ya tashi da fukafukai irin na jemage yana neman masu juna biyu, kuma maganinta shi ne a zuba gishiri ko toka a kan rabin da ta bari a ƙasa. Akwai tiyanak, aljanin da ke rikiɗa ya zama jariri mai kuka a daji. Jerin finafinan Shake, Rattle & Roll na kamfanin Regal, wanda aka fara a 1984, da irin waɗannan halittu ya yi suna. Mai wucewa ta gefen suri a can yakan ce "tabi-tabi po" don neman izinin mazauna wurin, abin da ke tuna mini da bisimillar da muke yi kafin mu zubar da ruwan zafi, kamar yadda tsarin finafinan ke tuna mini da tatsuniyar Dodo, inda tsoro da waƙa suke tafiya tare.

Ban ce duka suna da kyau ba. Wasu ana yin su ne cikin gaggawa don a riski bikin finafinai na Metro Manila da ke buɗewa ranar 25 ga Disamba, sai a ga labari ba kai ba gindi, ana cike giɓi da yi wa siffar mutane ba'a, kuma wannan yana ɓata mini rai ƙwarai. Amma a makon bikin iyali gaba ɗaya ne suke shiga sinima, daga kaka har jika, kuma barkwancin ne yake ba ƙaramin yaro damar ya kalli manananggal har ƙarshen fim yana zaune kusa da kakarsa, wadda ita ce ta fara ba shi labarinta a gida.