Idan Amininka Ya Sauka A Gidanka A Ƙasar Waje

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Wannan nasiha ce ga 'yan'uwanmu mazauna Ingila da makamantanta, musamman wanda amininsa daga gida ya aiko masa cewa biza ta fito, yana nan tafe, kuma a wurinsa zai sauka.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce duk wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira to ya girmama baƙonsa. Tsadar haya a Landan ba ta soke wannan umarni ba, aikin dare ma bai soke shi ba. Abin takaici ne a ce mutumin da kuka yi makarantar allo tare, wanda ya raka ka filin jirgi ranar da za ka bar gida, yana cewa zai zo sai wayarka ta daina shiga. Idan da gaske ba ka da wurin saukar da shi, ka gaya masa tun bai sayi tikiti ba, ka taya shi neman masauki, domin uzuri na gaskiya ba ya ɓata zumunci yadda ɓuya take ɓata shi.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wanda ya karɓi baƙon hannu bibbiyu, sannan ya shirya masa rayuwar da ba tasa ba. Ya ci bashi a katin banki, ya ɗauko hayar mota, kullum sai gidan cin abinci mai tsada, ya ɓoye cewa aikinsa kula da tsofaffi ne ko gadi, duk don kada a koma gida a ce wane bai samu ba. Ɗan'uwana, ka tambayi zuciyarka, baƙon kake girmamawa ko sunanka? Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ce an hana mu takallufi, wato ɗora wa kai abin da ba a iyawa, kamar yadda Bukhari ya kawo. Kuma ɓarnar ba ta tsayawa a aljihunka. Amininka zai koma da hotuna da labari, wani ƙaninsa ya ji ya sayar da gonar gado don ya biyo sahunka, danginka kuma su fara zargin kana hana su alhali kana cikin daula. Ƙaryar da ka yi ta mako biyu sai ta zama nauyin shekaru a kan mutanen da ba su ji ba, ba su gani ba.

Shari'a ta sauƙaƙa maka. A hadisin Abu Shuraih, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce kyautatawa ta musamman yini ne da dare, baƙunci kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce. Saboda haka ka yi iya ƙoƙarinka a ranar farko, ka je filin jirgin Heathrow da kanka ka tarye shi da rigar sanyi a hannu idan lokacin hunturu ne, a dafa masa mafi kyawun abin da gida yake iyawa. Annabi Ibrahim, alaihis salam, bai ɓata lokaci ba, ya kawo wa baƙinsa gasasshen ɗan maraƙi, ya kusanta shi gare su da kansa, kamar yadda ya zo a Suratu Hud da Suratuz Zariyat. Bayan nan kuwa, abin da kuke ci shi zai ci. Bawan Allah ɗin nan na cikin Ansar da ya kashe fitila shi da matarsa don baƙo ya ƙoshi, abincin yaransa ya gabatar, bai je ya ranto ba, kuma a kansa aka saukar da aya ta 9 ta Suratul Hashri.

Abin da amininka ya fi buƙata a wurinka shi ne lokacinka da sakin fuskarka. Ka nemi hutun kwana biyu ko uku a wurin aiki tun da wuri. Ka koya masa shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka nuna masa shagon naman halal. Ka zauna ku yi hira ta gaskiya, ya san kaɗaicin da kake sha, ya san nawa haya take cinyewa a albashinka, domin aminin da ya san halinka shi ne zai yi maka addu'ar da ta dace.

Sai maganar salla, wadda ake yawan mantawa. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, a watan Yuni kuwa magariba tana wuce ƙarfe tara na dare, kuma baƙo ba zai ji kiran salla daga taga ba kamar yadda ya saba. Ka ba shi jadawalin lokuta, ka nuna masa alƙibla tun daren farko, ka kai shi Juma'a a masallacin Whitechapel ko na Regent's Park ko na unguwarku. Kada yawon ganin gari ya cinye muku Azahar da La'asar.

Ka kuma tuna da haƙƙin iyalinka. Gidajen haya a nan ƙanana ne, babu zaure, babu ɗakin baƙi a waje, banɗaki ma sau da yawa ɗaya ne. Ka yi shawara da maiɗakinka kafin ka ce masa ya zo, domin ita za ta wuni da hijabi a cikin gidanta. Kada ka tafi aikin dare ka bar su su biyu, komai yardar da ke tsakaninku, saboda Annabi ya hana namiji keɓewa da macen da ba muharramarsa ba. Idan hakan ba zai kauce ba, ka nema masa kwana a wurin wani ɗan'uwa mara iyali.

Kai kuma baƙo, hadisin Abu Shuraih ɗin nan ya ci gaba da cewa bai halatta ka zauna har ka ƙuntata wa mai masaukinka ba. Ka faɗi ranar komawarka, ka sa hannu a cefane, ka rufa asirin abin da ka gani a gidan. Kuma ku duka biyu ku ji tsoron Allah game da biza. Bizar ziyara ta Ingila yawanci ba ta ba da damar zama fiye da wata shida a zuwa ɗaya, ba ta ba da izinin aiki, kuma wanda ya karɓe ta ya yi alkawarin komawa. Allah Ya buɗe Suratul Ma'ida da umartar muminai su cika alkawura, don haka kada mai gida ya ce wa amininsa ya ɓace a gari a ga abin da hali zai yi, a maimakon haka ya raka shi filin jirgi kafin wa'adin bizarsa ya cika.