'Yan zugar Amurka da 'yan korosonmu

Ranar Asabar maƙwabciyata ta matsa mini sai da na raka ta gasar da 'yarta take ciki, a zauren wasannin wata sakandare a nan Minneapolis. Ciyalidin ne, wato 'yan matan nan da kuke gani a talabijin suna zuga 'yan ƙwallo a bakin fili. Na gasa daban yake. Babu ƙwallo, babu wanda ake zugawa, su kaɗai ne a kan shuɗiyar katifa mai faɗi, alƙalai na zaune a gaba suna ba da maki.

Minti 2 da rabi ake ba kowace ƙungiya. Biyu su tallafi ƙafafun yarinya, ta uku ta tsare bayanta, su ƙirga su cilla ta sama. Ta yi alkafura a iska ta faɗo hannunsu, kafin ka sauke numfashi sun sake ɗaga ta, tana tsaye da ƙafa ɗaya a tafin hannunsu tana murmushi. Da suka fito na ga yarinyar kusa da kusa: wuyan hannunta naɗe da filasta, leɓenta a fashe, ko gorar ruwa ta kasa buɗewa don rawar hannu. Wanda ya ce wannan ba wasan motsa jiki ba ne, wallahi bai gani ba.

Su kansu Amurkawa gardama suke. A 2010 wani alƙali ya yanke cewa Jami'ar Quinnipiac ba za ta ƙirga shi cikin wasannin ɗalibai mata ba. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta nemi a ɗauke shi wasa, don a kula da raunukan da ake ji. A 2021 kuma kwamitin Olamfik na duniya ya amince da hukumarsa. Asalinsa ma na maza ne, a Jami'ar Minnesota ya samo tushe a 1898. Ni dai shigar ce ba ta kwanta mini ba, ba zan bar 'yata ta fita haka ba, amma wannan maganar tufa ce.

A mota maƙwabciyar tawa ta tambaye ni ko muna da irinsa. Da alfahari na nuna mata bidiyon 'yan koroso. Ta yi ta mamaki, sannan ta ce, "Su wa ke riƙe da kofin bana?" Nan bakina ya mutu.

Wane kofi? Ɗan koroso yana lanƙwasa jikinsa yadda yaran nan ba za su iya ba, a kan tsurar ƙasa, ba katifa ba likita. Ɗan hoto, mai rawar manoma, ya wurga garma sama ya cafe, kuskure kaɗan ta tsaga masa kai. Amma 'yan rawa muke ce musu. A kira su taryar baƙo, a yi musu liƙi, a sallame su, in ɗaya ya karye sai mai ɗori. Ba iyawa aka fi mu ba, su dai sun rubuta ƙa'ida, sun sa alƙali, sun sa rana. Nijar ta yi wa kokawa haka tun 1975, ga shi duk shekara ƙasa na tsayawa cak don takobin da ake ba zakaran gasar. Me zai hana Kano ta fara da gasar koroso tsakanin makarantun sakandare, a sa malami, a ba da maki, a ajiye sunan wanda ya ci?