"An adana" ba ta nufin ya isa faifai

Jiya da la'asar wani ƙanena da ke kula da kwamfutocin wani ofis a Unguwar Rimi ya kira ni hankali a tashe. An ɗauke wuta, janareta ya yi nawar tashi, batirin UPS kuwa dama ya daɗe da mutuwa. Da sabar, wato babbar kwamfutar da ke ajiye fayilolin ofis, ta dawo, fayiloli uku da ma'aikata suka rantse sun adana, wayam, ba komai a ciki. Ya riga ya yanke hukunci: "Yaya, netwok ne."

Na ce masa ya ƙyale netwok ya sarara. Kullum shi muke ɗora wa laifi don ba ya da bakin kare kansa.

Kwamfuta ba ta kai rubutu faifai nan take. Tana riƙe shi a RAM, ƙwaƙwalwar wucin gadi da ke gogewa in wuta ta ɗauke, ta ce maka an gama, sai daga baya ta sauke. A Linux, manhajar da ke tafiyar da sabar, rubutu kan yi daƙiƙa 30 a can kafin a tura shi. Kamar ka ba yaron mota saƙo ne a tashar Kawo, ya ce "an gama, Alhaji", alhali takardar na aljihunsa, motar ko lodi ba ta gama ba. To a tsarin da fayiloli ke zaune a wata na'ura daban, yaran motar har uku ne: kwamfutarka, sabar, da katin RAID, na'urar da ke kula da faifan sabar. Kowanne na iya cewa an gama.

Muka buɗe /etc/exports, fayil ɗin saitin yadda sabar ke raba fayiloli, sai ga kalmar async zaune daram. NFS shi ne tsarin raba fayiloli ta netwok, kuma tun 1995 zubinsa na uku ya zo da COMMIT, wato a tambayi sabar ko saƙo ya sauka da gaske. Async kuwa ita ke ba ta lasisin amsa "e" tun bai sauka ba. Wani ne ya saka ta don ma'aikata na ƙorafin abu na jan ƙafa. Ni a ganina wannan ba gyara ba ne, bashi ne aka ci, kuma a garin nan ranar biya ba ta nisa.

Kada ma a ɗauka sakacin yara ne kawai. A 2018 masu PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, suka gano cewa in fsync, wato umarnin sauke rubutu kan faifai, ta gaza a Linux, ka sake kiranta, tana iya cewa lafiya lau alhali rubutun ya salwanta. Dole suka sauya tsari: da zarar ta gaza, manhajar ta tsaya cak.

Na sa shi ya mayar da sync, kishiyar async, ya duba batirin katin RAID, ya kuma cire soft (mai haƙura in sabar ta yi shiru) daga inda ake haɗa faifan ya sa hard (mai ci gaba da jira), gara aiki ya tsaya jira da a yi asararsa shiru.

Yau da safe ya turo min saƙo wai an fara ƙorafin abu ya yi nauyi. Na ce ya kai wa oga takardar kuɗin batirin UPS, ya haɗa da sunayen fayilolin nan uku.